Amsa: A cire yaro daga makarantar da ake haɗe da Kiristoci?

Malama kin ce kina tunanin cire ɗanki daga firamaren da suke cakuɗe da yaran Kiristoci ki mai da shi ta cikin unguwa saboda tarbiyya. Ni dai shawarata ki bar shi inda yake, in dai ana koyarwa da kyau kuma ba a hana shi sallar azahar. Tun rikicin 2001 da na 2008 unguwannin Jos suka rabu, yaro sai ya tashi a Unguwar Rogo ko Gangare bai taɓa cin abinci da wanda ba addininsu ɗaya ba, to in ba a aji ba ina zai koyi zama da mutane? Gobe jami'a zai shiga, ya tafi bautar ƙasa wata jiha.

Amma fa da sharaɗi, kar Islamiyyar yamma ta faɗi, kuma ki riƙa leƙawa mitin ɗin iyaye da malamai. Nawa yaran haka na yi musu, kuma abin da na lura rashin kunya da satar amsa ba ruwansu da addinin ɗan aji, inda hedimasta ba ya sa ido nan suke yawa, har a makarantun kuɗi masu sunan Larabci.