Wa ya ce maka katakon busasshe ne?

Ka ce ka haƙa gurbi da rauta, injin nan na hannu mai haƙa katako, ka yanko ɗan katakon da za ka dasa a ciki da allon samfuri guda, amma da ka saka shi sai ya faɗa yana lilo, farce na shiga ta ko'ina. Kana tambaya ko ka cike tazarar da gam da garin katako. Sannan can a ƙarshe, kamar ba komai ba, ka ce ai katakon ma mai aikin ne ya kawo abinsa, kuma ya ce busasshe ne.

Ta farkon abin kunya ce a bakin wanda ya shekara biyu yana share min shago. Zoben nan na tagulla da na ga ka mai da shi abin wasa kana zurawa a ɗan yatsa, shi ne aikin gaba ɗaya. Bakin rautar da muke yanka da shi kaurinsa inci 1/8 ne. Bututun da ke ƙasan rauta, mai bin gefen allo, faɗinsa 5/16. In ka sa masa zoben ya koma 9/16. Cire 5 daga 9, saura 4, raba biyu, 2/16 ke nan a kowane gefe, wato 1/8, daidai kaurin bakin. Gurbi da zobe a jiki ake haƙa shi, ɗan da za a dasa kuma sai an cire zoben ake yanka shi, domin a gurbi gefen bakin na waje ne yake ja maka iyaka, a wajen ɗan kuwa gefen ciki ne. Ɗauki ma'auni ka auna tazarar taka. In 1/8 ce a kewaye, to duka biyun da saiti ɗaya ka yanka su. In ta kai 1/4, juya su ka yi, ka cire zobe a gurbi ka sa a ɗan. In kuma gefe ɗaya ya matse ɗaya ya buɗe baki, bututun ne bai zauna a tsakiyar bakin ba, ka sassauta sukurorin farantin ƙasan rauta ka daidaita shi da sandar saitin da ke cikin kwalin, wadda na tabbata ba ka taɓa tambayar amfaninta ba.

Gam da garin katako kuwa, kada in sake ji. Ranar da aka shafa masa fenti mai sheƙi zai fito kamar tabon ƙuna, kowa ya gani. Yanko wani ɗan. Yadda ake ɗaure baki da yadda ake saita zurfi ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma yin bencin masu shayi.

Yanzu zauna, don maganar da ka jefo a ƙarshe ita ce ta hana ni cin abincin rana.

Wani Alhaji ne, ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa kuma yana gaishe ni a wajen jana'iza kamar ba abin da ya faru. Zai aurar da 'yarsa ta fari, ya shigo shagon nan cikin watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ga wani ƙaramin tebur da na dasa wa Dagin Arewa a tsakiya. Ya ce irinsa yake so, amma babba, na cin abinci mai kujera 8, tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 3 da rabi, dagi a tsakiya, layi biyu kuma su kewaye gefe. Muka yi ciniki, ya ba da kashi ɗaya cikin uku. Sai ya ce katako kada in damu, yana da mahogani a sito, shekara biyu yana ajiye. Washegari a-kori-kura ta sauke min shi.

Wallahi tun da na ɗaga falanki na farko jikina ya ba ni. Nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa, ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi, da na bi shi da filen, abin kankare fuskar katako, kuma sai sassaƙen ya fito laushi tuɓus, ba ya ƙaras-ƙaras irin na busasshe. Na gaya masa. Ya ce haba Malam, damina ce, komai ma ya yi sanyi, har da rantsuwa. Ni kuma lokacin ba ni da na'urar auna danshi, ga kuɗin aikin da kauri, ga kuɗin makarantar yara ya ƙarato. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce har yau take ci min rai, fiye da shi kansa Alhajin.

Ka san dagi ba a yin sa da allo ɗaya, don igiyarsa hawa take kan 'yar'uwarta ta koma ta bi ta ƙarƙashi. Alluna shida na yi da MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin inci 1/4. Kowane rami a allo sai ya fi abin da kake so ya fito faɗi da 7/32 a kowane gefe, saboda haka zanen sai ka sake shi gaba ɗaya a takarda kana ƙara masa wannan, kuma ramin da bai kai 9/16 ba zobe ba zai shiga ba, sai ka san inda za ka faɗaɗa igiyar ba tare da dagin ya zama wani abu daban ba. Kwana 9 na yi a kan allunan nan kawai, ni da zarto da magagari da sanfefa, domin duk ɗan tudun da ka bari a gefen allo, rauta sai ta kwafe shi ta kai maka kan tebur. Kowane allo na huda masa rami biyu a wuri guda da sauran, ya zauna a kan turaku biyu, don kada na biyu ya kauce wa na farko ko da gashi ɗaya. Ka haƙa igiya ɗaya, ka dasa, ka matse, ta kwana, ka kankare ta yi daidai da fuska, sannan ka ɗora allo na gaba ya yanka ta cikin wadda ka dasa jiya. Haka ake samun hawa da saukar nan da mutane suke shafawa da hannu suna cewa kamar saƙa.

Kuma da me na dasa? Da maɗobiyata da kanyata, da na ajiye a saman rufin shagon nan shekara da shekaru, tun kafin a fara kwashe maɗobiya daga dazukan Taraba ana lodawa a kwantena zuwa Chana, har ta kai a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izini. Irin wannan jan katakon yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo. Kanya kuma tauri gare ta kamar ƙashi, baki uku ta karya min kafin na haƙura na riƙa sauka a hankali, sau biyu sau uku maimakon tashi ɗaya. Wuta babu, janareta ne yake shan mai tun safe har magariba.

Cikin Oktoba na kai tebur. Mutumin nan ya kewaya shi ya fi sau biyar yana sa min albarka. Ya ce ragowar kuɗi sai an sauke biki, hidima ta yi yawa. Na ce ba komai. Bayan kwana biyu ya aiko direbansa wai a ba shi allunan ya nuna wa wani amininsa da yake son irin aikin, zai kawo min ciniki. Ni da na ga ciniki na tafe, na sa aka naɗe su a buhu aka ba shi.

Hunturu ya shigo. Ƙarshen Disamba ya kira ni, ko sallama babu, wai in zo in ga ha'incin da na yi masa. Na tarar da tebur ya tsuke da fiye da rabin inci a faɗinsa. Layukan da suka ratsa shi ta faɗi sun yi tozo sun ɓalle daga gurbi, igiyoyin dagi biyu sun tashi har za ka zura wuƙa ƙarƙashinsu, ga tsaga ta taso daga kan dagin ta nufi gefe. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da bidiyon wayarka ba zai gaya maka ba: katako in yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Nawa da na dasa ya gama bushewa tun tuni, ba inda za shi. Nasa kuwa ɗanye ne, iskar Kano ta hunturu ta zuƙe shi, gurbi ya matse abin da ke cikinsa, shi kuma ba shi da hanya sai sama. Gam ɗin duniyar nan ba mai riƙe wannan.

A gaban surukansa ya kira ni maha'inci. Na ce Alhaji katakonka ne, kuma na faɗa maka. Ya ce shi ba kafinta ba ne, in na san ɗanye ne me ya sa na karɓa. Ka ji inda ya kama ni, kuma ba ni da amsa, shi ya sa abin ya fi zafi. Muka je gaban manya, aka tambaye ni takarda, babu. Aka tambaye ni shaida, sai yaron shago, shi kuma an ce ai yarona ne. Aka ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Kashi biyu cikin uku na kuɗina ya tafi, maɗobiyata ta tafi, wata biyu na aikina ya tafi. Daga baya direban nan da bakinsa ya gaya min katakon ko wata guda bai yi da saukowa daga tirelar kudu ba, araha ya samu ya saya.

Allunan kuwa, da na aika a karɓo, sai aka ce ba a san inda aka ajiye su ba. Bayan sallah ina wucewa ta wani layin masu kayan ɗaki, sai ga dagina a kan teburan tsakiya har guda huɗu. Nawa ne, ba tantama, domin akwai wata kusurwa da hannuna ya ɗan zarce a allo na huɗu na gyara ta da faci, ga ta nan ta fito a kowane ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tsaya na kalla, mai shagon ya fito yana ce min Baba a rage maka ne.

To kai yanzu da za ka zo min da "ya ce busasshe ne". Ku yaran yanzu abin da duk aka faɗa muku da murmushi kun yarda, abin da duk kuka gani a waya kun iya. Kuna kallon wani bature a Amurka yana dasa katako cikin minti biyar, ba ku san nasa daga tandar busarwa ya fito ba, shagonsa kuma iska ɗaya ce rani da damina. Nan kuwa ƙofar da ta ƙi rufuwa a Agusta ita ce take lilo a Fabrairu. Wata shida kun fara maganar a yaye ku, kuna tambayar kuɗin injin da kwamfuta ke tuƙawa, alhali ko cizal ba ku iya wasawa ba.

Ga abin da za ka yi. Na'urar auna danshi tana cikin durowata, tun bayan wancan aikin na saye ta. Yanke kamar ƙafa ɗaya daga bakin falankin, don baki kullum ya fi bushewa kuma shi yake ruɗin mutum, ka soka allurorin a sabon yankan. In ta haura kashi 12 cikin ɗari ba na taɓa shi, na fi son 8 zuwa 10. In ɗanye ne a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, mu dai abin da muka tarar shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri, ko da yake hunturunmu yakan rage maka. Mai aikin in ba zai jira ba ya zo ya kwashi abinsa. In kuma ya yarda, zaren ɗan da za ka dasa ya bi zaren uwar, su tsuke tare su buɗe tare, kuma fentin da ka shafa a sama ka shafa irinsa a ƙasa.

Wajen yankan, a gurbi in hannunka ya kauce ciki ba asara, dama wurin cirewa za a yi. A wajen ɗan ne ake gane mai hannu. Bututu ya manne da gefen allo tun kafin baki ya sauka, kada ya rabu da shi har sai baki ya tashi, kaucewar ƙiftawar ido ta ci maka gefen ɗan. Manne shi a kan wani katakon banza da tef mai gam fuska biyu, in ba haka ba yana rabuwa bakin zai fizge shi ya tauna. Kusurwar gurbi za ta fito a zagaye, ta ɗan kuma da tsini, sai ka bi gurbin da cizal, kada ka dankwafe min tsinin da sanfefa don lalaci. Ɗan goge gefensa na ƙasa kaɗan, ka gwada shi rabi kawai, in ka tura shi duka ba gam ba zai fito ba sai a gutsuttsure. Ka bar shi ya ɗara fuskar da kamar kaurin katin waya, in ya bushe ka kankare da ƙarfen kankara. Sanfefa tana tura baƙar ƙurar kanya cikin farin katako ta dusashe shi.

Gobe bayan asuba ka zo da guntun falankin da zoben, in ba ka riga ka ɓatar da shi ba. Ka kuma gaya wa mutumin naka rabin kuɗi kafin a fara, a rubuce, da sa hannunsa. Allunan nan da ke rataye bayan ƙofa kuwa, in ba na nan, ko wa ya aiko ka ce makullin yana wurina.