Hawan Dutsen Kamaru: wutar ce abin tsoro?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Duwala. Muna so mu hau Dutsen Kamaru da abokaina lokacin hutu, sai aka ce mana yana aman wuta. Anya ba ganganci ba ne? Me za mu tanada?

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa muku, dutsen na da rai. A 1999 narkakken dutsen da ya amayar ya gangaro har ya datse titin Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, dutsen ya kuma sake aman wuta a 2000. Sai dai irin wannan aman ba safai yake zuwa kwatsam ba, ƙasa kan yi ta girgiza tukuna. Ku tambayi ma'aikatan gandun dajin dutsen, wanda gwamnati ta keɓe a 2009, kafin ku kama hanya.

Ni abin da na fi jiye muku shi ne sanyi da ƙarancin iska. Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Mutum zai baro Buya, garin da ke gindin dutsen, yana gumi, ya isa ƙololuwa yatsu sun ƙage ko igiyar takalmi ba ya iya ɗaurewa. Ku riƙi rigar sanyi mai kauri, hula da safar hannu. Wanda ciwon kai, jiri ko amai ya kama, ya sauko kawai, kada a ce masa ya daure.

Ruwa ma sai kun ɗauka da yawa. Da an fita daga kurmi sai ciyawa da baƙin tsakuwa mai zamewa kamar gawayi, ƙasar kuma shanye ruwa take yi, ba rafi. Takalmi mai riƙe idon sawu dole ne, don saukowa ta fi cin gwiwa.

Kada gasar tseren da ake yi a kansa tun 1973 ta ruɗe ku. Waɗancan cikin sa'o'i kaɗan suke hawa su sauko. Ku ku ware kwana 2 ko 3, ku kwana a bukkokin hanya, tare da ɗan jagora mai rajista.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, damina a can ba ta wasa. Sannan ku binciki halin tsaro, domin rikicin yankin masu magana da Ingilishi, inda dutsen yake, bai ƙare ba, kuma ranar Litinin akan yi zaman gida a Buya, da wuya a samu mota.