Amsa kan tafiya duwatsun Ennedi: hanya, ruwa, iyo da kwanan daji

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ku shida ne har da samari biyu, motarku Hilux ɗaya, kuna so ku tashi daga Njamena a hutun ƙarshen shekara ku je Ennedi a arewa maso gabashin Chadi, ku hau duwatsu, ku yi iyo a kududdufin Arshe, ku kwana a fili, kuma kwana bakwai gare ku. Lokacin ya yi daidai, don tsakanin Nuwamba da Fabrairu ake zuwa. Daga Maris zafi ke hawa, a Afrilu da Mayu kuwa tafiyar ƙafa a cikin duwatsun nan ganganci ce. Sai dai abu uku a shirin naka suna son gyara: kwanakin sun yi kaɗan, mota ɗaya ba ta isa, Arshe kuma ba wurin iyo ba ne.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ta Masaget, Mongo, Abeshe, sannan a miƙe arewa ta Biltin da Arada zuwa Kalayit. Ta biyu ta Musoro ce, a bi kwarin Bahar el Gazal a ɓulla Kalayit ɗin. Ga wanda bai taɓa zuwa ba na fi son ta Abeshe, saboda akwai kwalta har can, da garuruwa, da makanikai. Ko wacce ka bi, ka lissafa kwana uku zuwa huɗu kafin ka ga Arshe, haka ma dawowa. Ka ga kwana bakwai a mota za su ƙare. Ku nemi goma sha biyu idan kudancin Ennedi kaɗai za ku zaga. In har da tafkunan Uniyanga, inda iyon gaske yake, to goma sha biyar ko sha shida. Ku kuma tambayi direbobin da suka dawo a makon halin da hanya ke ciki, don tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 al'amuran gabas suna yawan canzawa.

Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, da takardun mota cikakku. In akwai baƙo a cikinku daga Kamaru ko Najeriya, ya nemi takardar izinin zirga-zirga tun a Njamena, ku buga kwafi da yawa don shingayen jandarma. Yankin gandu ne da ya haura murabba'in kilomita 50,000, UNESCO ta sa duwatsunsa cikin kayan tarihin duniya a 2016, kuma tun 2018 ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks ke kula da shi tare da gwamnati. Ofishinsu yana garin Fada. Ku sanar da hukuma inda za ku da ranar fitowarku, ku riƙe canji don akwai wuraren da ake biyan kuɗin shiga.

Zancen mota biyu ba na ƙawa ba ne. Da ka bar manyan garuruwa babu sabis na waya, kuma za ka iya wuni ba ka ga wata mota ba. Ga nauyi kuma. Mutum guda yana bukatar lita 10 na ruwa a rana: biyar ko shida na sha, sauran na girki da shayi da ɗan wanke fuska. Ku shida, da direban mota ta biyu da ɗan jagora, kun zama takwas, lita 80 ke nan kullum. In tsakanin rijiya da rijiya kwana uku ne, ka ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana, lita 320, wato jarka 16 masu lita 20. Kilo 320 ke nan tun ba a ɗora mai da abinci da barguna ba. Ku raba jarkokin tsakanin motocin biyu, kada a zuba duka a tanki ɗaya, don in ya tsage an rasa duka lokaci guda. Ku yi wa jarkokin sha alama, kada a taɓa zuba ruwa a wadda ta taɓa ɗaukar mai. Alwala ma ku yi ta da lissafi, inda ruwan ya zama na sha kaɗai addini ya ba da damar taimama.

Mai kuma ka lissafa shi da lita 20 na gazuwal, wato dizal, a kowane kilomita 100 a cikin yashi, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Kalayit ce babbar kasuwa ta ƙarshe, a nan za ku cika komai. Man da ake sayarwa a duro yakan zo da ƙura ko ruwa, saboda haka ku tace shi da ƙyalle mai tsabta, ku tafi da matatar mai guda biyu ta canji. Kowace mota taya biyu na ko-ta-kwana, famfon iska, ma'aunin iska, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, faranti biyu na ƙarfe da ake sa wa taya in ta nutse, da katako mai fāɗi da jak zai zauna a kai. In za a shiga yashi mai laushi a rage iskar taya zuwa kilo 1.5 a ma'aunin iska, in mota ta kafe a sauke zuwa kilo 1, a haƙe gaban tayoyin huɗu, a fita a hankali. Abin da ke binne mota shi ne direba ya ci gaba da taka totur bayan ta tsaya, tayoyi su yi ta haƙa har cikinta ya zauna a ƙasa. Da an koma kan duwatsu a mayar da iska, in ba haka ba tsakuwa mai kaifi ta yanke gefen tayar. Ku ari waya mai aiki da tauraron ɗan'adam, irin Thuraya.

Ɗan jagora dole ne, kuma ɗan yankin, wanda ke jin Goranci da Larabcin Chadi. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa bana, shi zai yi magana da makiyaya. Akwai kuma dalili mafi nauyi. Chadi ta gwabza yaƙi da Libiya a nan, a Fada a Janairun 1987, a Wadi Dum a Maris na shekarar, kuma har yau akwai ragowar tankoki da harsasai da wuraren da aka binne nakiyoyi. Ku bi sawun da ya nuna. Ka ja kunnen samarin nan tun daga gida: duk ƙarfen da suka gani a yashi, komai tsatsarsa, kada su taɓa, kada su shura.

To, ga Arshe. Kududdufi ne a cikin tsagin dutse mai tsayin gaske, ruwansa ba ya ƙafewa, shi ya sa makiyaya ke koro raƙuma ɗaruruwa su sha. Raƙuman a cikin ruwan suke tsayawa, a nan suke kashi da fitsari, har ruwan ya koma baƙi. A can ciki kuma akwai 'yan kadoji kaɗan da suka rage tun zamanin da Sahara ke da koguna. Ba su da yawa, kuma su ne abin da aka fi tattalinsa a wurin, saboda haka ba a matsa musu, ba a jifansu. Wanda ya shiga ruwan nan da ƙaramin rauni a ƙafa yana neman ciwon da zai rure, ga asibiti da nisa. Arshe wurin kallo ne, kuma daga sama ya fi kyau. Ana zagayawa ta wani kwari a hau, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, akwai yashi mai cin ƙafa, akwai inda sai an dafa da hannu. Ku tashi bayan sallar asuba don ku isa kafin raƙuma su shigo da hantsi. In kun zauna a bakin dutsen za ku ji kukansu yana amsa kuwwa tsakanin bangayen biyu tun kafin ku gan su, sannan su ɓullo a jere, ƙanana kamar tururuwa saboda nisa. Kada kowa ya matsa gaɓar don ɗaukar hoto. Dutsen Ennedi yashi ne da ya daskare, gefensa yana marmashewa, abin da ka ga kamar tudu mai ƙarfi wani lokaci ɓawo ne da iska ta cinye ƙarƙashinsa.

A Bashikele, kudu da nan, akwai ruwa mai gudana a cikin kwazazzabo, da goruba da inuwa. Ruwan ba shi da zurfi, na jiƙa ƙafa ne da sanyaya jiki. Mutane da dabbobi suna sha daga gare shi, don haka kada sabulu ko omo ya shiga. Mai son wanka ya ɗebi ruwa a bokiti ya yi nisa da bakin rafin, ya kuma suturta jikinsa, mata suna zuwa ɗiba.

Iyo sosai sai Uniyanga, tafiyar kamar kwana biyu arewa da Fada, ta kwarin Murdi mai tudun yashi, inda ake gane direban kirki. Tafkuna 18 ne a rukuni biyu, kusan kilomita 40 tsakaninsu, UNESCO ta sa su a jerinta a 2012. Yowa, babban tafkin Uniyanga Kabir, zurfinsa ya kai mita 27, kuma gishiri ne da shi ƙwarai. Yana ƙona ido da duk inda fata ta tsage, in ka fito sai ka ɗauraye da ruwan daɗi, ruwan da ka sha wahalar ɗaukowa. Wanda aka fi shiga shi ne Buku, a rukunin Uniyanga Serir, ruwan daɗi ne mai sanyi. Ga abin lura: ciyawar ruwa da ke gefen waɗannan tafkuna a kan ruwa take shawagi, ba a ƙasa take tsaye ba, wanda ya taka ta yana zaton tudu ne zai zurma. Ku shiga ta inda yashi ya gangaro fili, inda ɗan jagora ya nuna. Bakin tafkin yana iya zurfafa farat ɗaya, saboda tudun yashi ne ya gangara ciki. Kada a yi tsalle da ka, kada a shiga da la'asar sakaliya, kuma kullum babba ɗaya ya tsaya a waje da igiya da jarka marar komai a rufe, ita ce abin jefa wa wanda ya gaji. Yaron da bai iya iyo ba iyakarsa gwiwa. Duk ruwan daɗi da ke kwance da ciyawa ana tsoron tsargiya a cikinsa, saboda haka in wani ya ga jini a fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi ya kama shi makonni bayan dawowa, ya je asibiti ya faɗi inda ya yi wanka.

Tafiyar ƙafa ku tsara ta daga asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, a huta a inuwa, a koma bayan la'asar. Kowa da lita 3 a jakarsa ko da tafiyar ta awa biyu ce, da rawani ko hula mai baki, da takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, sabo yana sa bororo. Iskar hunturu tana busar da gumi tun bai fito ba, mutum ba ya jin yana rasa ruwa sai kai ya fara sarawa. Ku duba fitsari: in ya yi ja kuma ya ragu, a ƙara sha. Wanda jiri ya kama a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. In ya fara sambatu ko ya daina gumi, tafiya ta ƙare, sai asibiti. Ruwan rijiya a tafasa shi, ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Kada ku bar Aloba, bakan dutse mai tsayin kusan mita 120, da zanen mahaya dawaki a Terkei, da kogon Manda Geli. Zanen nan sun yi dubban shekaru. Abin yana ci mini rai in na ga an watsa musu ruwa don hoto ya fito, ko an rubuta suna da gawayi a gefensu. Ruwa yana ɗaga launin, maiƙon hannu yana ɓata shi, hayaƙi yana rufe shi, kuma babu mai iya mayar da shi.

Wurin kwana ku zaɓe shi tun rana tana sama, ƙarfe huɗu da rabi a ce an sauke kaya. Ku nemi bayan dutse ta kudu maso yamma, don iskar daga arewa maso gabas take busowa, amma ba dab da bango ba saboda faɗowar duwatsu. Kada ku kwana a tsakiyar wadi, wato busasshen rafi, ruwan da aka yi a nesa yana iya zuwa da dare, ko da yake a damina aka fi ganin haka. Kada kuma ku sauka a bakin rijiya ko kududdufi, ku ba da tazarar rabin kilomita, dabbobi su samu hanyar sha, masu wurin kuma kada su ji an tare musu. Turakun tanti na kasuwa ba sa kama yashi, ku ɗaure igiyar a dutse ko a buhu cike da yashi ku binne. Sanyin dare a Disamba da Janairu yana ba mutanen Njamena mamaki, kowa bargo biyu da rigar sanyi da safa, da katifa ko tabarma mai kauri, don ta ƙasa sanyin ke shiga. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, da dare ba a fita ba tocila ba takalmi, kuma ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari wani kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a kama hanyar asibiti nan take.

Ku zo da tukunyar gas ko buhun gawayi daga Kalayit, itacen wurin kaɗan ne kuma na makiyaya ne. Abinci wanda ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, garin rogo, kilishi, dabino, albasa, busasshen tumatir. Ku ƙara shayi da sukari fiye da bukatarku, in kun sauka kusa da masu raƙuma su ne gaisuwar da ake kai musu, kuma a nemi izini kafin a ɗauki kowa hoto, musamman mata. Bayan gida a yi nisa da ruwa, a haƙa rami a rufe. Gwangwani da leda da batir su koma mota.

In kwanakin ba za su ƙaru ba, Malam, shawarata ka ɗaga tafiyar zuwa lokacin da za ka samu mako biyu da mota ta biyu. In kuma sun ƙaru, ka faɗo ranar tashinku da irin motar da kuka samu, sai a lissafa maka jarkokin mai da na ruwa zango-zango. Allah ya kai ku lafiya.