Tambaya da Amsa: Zaman Mai Bishara a Ƙauye

Tambaya: Ikkilisiyarmu za ta tura ni da matata aikin bishara wani ƙauye mai nisa, ba wuta, ba asibiti kusa. Yaya zan tsara yinina, kuma me ya fi kayar da masu bishara a irin wannan wuri?

Amsa: Ɗan'uwa, Ubangiji ya ba ku ƙarfi. Kada ka sauka da wa'azi a baki. Fara da gaishe da shugaban gari da dattawa, ka faɗa musu gaskiyar abin da ya kawo ka. Watannin farko na sauraro ne da koyon harshen mutanen. Riƙe ƙaramin littafi, ka rubuta kalmomi 10 kullum, ka gwada su a bakin rijiya.

Lokacin manomi ba naka ba ne. Da damina gari yakan watse tun da sassafe, duk wanda ya sa taron nazarin Littafi Mai Tsarki da hantsi, kujeru kawai zai tarar. Saboda haka asuba taka ce da Allah, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna Yesu yana fita addu'a tun da sauran duhu. Ka ware aƙalla minti 30, karatun da za ka yi kuwa na ranka ne, ba na shirya wa'azi ba. A nan da yawa suke bushewa: suna ciyar da jama'a, su kuwa da yunwa. Da rana ka bi mutane gona ka kama aiki tare da su. Ziyara da nazari sai bayan an dawo an huta. Kwana ɗaya a mako na hutu ne, na iyalinka, domin kaɗaici yakan fi damun matar mai bishara, ba kuwa kowa yake lura ba.

Ciwo ma yakan mayar da masu bishara gida. Ku tafasa ruwan sha, ya yi minti 1 yana tafasa. Ku kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ya kama ɗayanku, a nemi gwaji cikin awa 24. Idan gudawa ce, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi. Gishirin in ya yi yawa illa yake yi, musamman ga yara.

Tambaya: Mutane sun fara zuwa roƙon kuɗi da magani. In hana, ina jin na saɓa wa Ubangiji. In ba su, ba ya ƙarewa.

Amsa: Wannan ya fi ciwon jiki haɗari ga aikin. Ranar da aka ɗauke ka a matsayin aljihun gari, ba za ka ƙara sanin wanda ya zo don Almasihu da wanda ya zo don taimako ba. In an shiga mawuyacin hali, kamar mace mai naƙuda ko yaro da maciji ya sara, taimaka nan take, kada ka tambayi addininsa. Amma kada kyauta ta taɓa zama sharaɗin zuwa sujada.

Sauran buƙatu, ka bar su a hannun masu bi na wurin. Mutum 2 su ƙirga baiko a gaban juna, na uku ya rubuta, a karanta lissafin a gaban jama'a kowane wata. Henry Venn, wanda ya zama sakataren CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan a Ingila, a 1841, ya dage cewa ikkilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta. John Nevius, ɗan mishan Ba'amurke, ya koyar da irin wannan tsari a Koriya a 1890, ikkilisiyoyin can suka tsaya da ƙafafunsu. Bulus ma ya naɗa dattawa a kowace ikkilisiya, in ji Ayyukan Manzanni 14:23. Tun shekarar farko ka zaɓi amintattu 2 ko 3, ka ba su karatu da jagorar addu'a ranar Lahadi, kai kana zaune kana ji, gyara kuma sai kun keɓe.