Abokin ɓarawo ɓarawo ne, ko kuwa kama da wane ba ta wane?

Wani ɗalibin lissafi ne ya turo tambaya, yace Malam karin maganan nan biyu basu ci karo da juna ba kuwa? Ɗaya tace abokin ɓarawo ɓarawo ne, ɗaya tace kama da wane ba ta wane, kuma wai a aji ana koya musu fazi katagori, wato lissafin abubuwa da kibiyoyin alaƙa da ke haɗa su inda kowace alaƙa ke da makinta, shine yake ganin kamar akwai alaƙa.

Toh ɗana alaƙa kam akwai, kuma basu ci karo ba, ma'auninsu ne daban. Ta farko eh ko a'a kawai ta sani, in Audu na tare da Bala, Bala na tare da ɓarawo, shikenan an haɗa Audu da ɓarawo, laifin ya wuce gaba ɗaya ba ragi. Ta biyu kuwa cewa take kama tana da daraja, akwai kama sosai akwai kama sama-sama, kuma duk yawanta bata kai ainihin wane ba.

Wannan na biyun shine Lotfi Zadeh na jami'ar Kalifoniya a Bakle ya sawa lamba a 1965, yace maimakon abu ya zama cikin rukuni ko wajensa a bashi maki tsakanin 0 da 1. Wani masani Joseph Goguen ya faɗaɗa abin a 1967. Sai a 1973 masanin lissafi William Lawvere ya nuna cewa nisa tsakanin wurare ma katagori ne, wato maimakon ka tambaya akwai kibiya daga A zuwa B ko babu, sai ka tambaya nawa ne, kuma kai zaka zaɓi ma'aunin da zaka auna, wannan zaɓin shine duk sirrin abin da kuke kira katagori mai ma'auni. Ka zaɓi 0 da 1 kaɗai ka samu abokin ɓarawo. Ka zaɓi duk abin da ke tsakanin 0 da 1 ka samu fazi katagori, dokarsa biyu ce, kowa yana kama da kansa da maki 1, sannan in ka haɗa makin Audu da Bala da makin Bala da wani mutum na uku ta hanyar haɗin da ka zaɓa, makin Audu da na ukun bazai gaza haka ba. Misali da ninkawa, in makin kowane haɗi 0.8 ne, 0.8 sau 0.8 ya bada 0.64, in sarƙar ta kai haɗi biyar abin da zaka iya rantsuwa a kai ya sauko wajen 0.33. Ni dai nafi yarda da wannan wallahi, dan an zalunci mutane da yawa da waccan karin maganar, ana kama yaro saboda abokin abokinsa.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko ja-ja yana nufin ja sosai ne. A'a ƴar'uwa, ragi ne, ja-ja bai kai ja ba, haka fari-fari da baƙi-baƙi da zazzaɓi-zazzaɓi. In ƙarfafawa kike so sai kice ja wur, fari fat, baƙi ƙirin.