Amsa ga Yaya kan duhun da yake gani bayan ya fito daga Harami

Salamu alaikum 'yan gida. Yaya, na ji muryarka. Ka ce in ka gama ɗawafi da rana ka shiga lungun masaukinku sai ka daina ganin komai, har ka yi tuntuɓe a matakala. Ni na san abin da kake tambaya, tsoro kake ji ko idon ya fara tafiya. To kwantar da hankalinka.

A can bayan ido akwai wani tantani, retina. Ƙwayoyin da ke kama haske iri biyu ne a jikinsa: na dare, wajen miliyan 100, da na rana masu gane launi, su ba su wuce miliyan 6 ba. Kuma abin mamakin, a cikin duhu ne suke ta zubo sinadarin gulutamet ga ƙwayoyin jijiyar da ke gabansu. Haske na sauka sai su rage. Wannan ragewar ita ce saƙon.

To haɗin da ke tsakaninsu ba a ƙulle yake ba. Da dare wasu ƙwayoyin suna buɗe 'yan ƙofofi tsakaninsu, su tara ɗan hasken da kowa ya samu, kamar adashi. Da rana tantanin ya saki wani sinadari, dofamin, ƙofofin su tsuke, kowa ya ji da nasa, shi ya sa gani ke fita tar. Kai kuma ka tsaya kan farin marmaran nan da azahar, ka faɗa lungu kai tsaye. 'Yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa nan take... a'a, ba ita ce matsalar ba, sinadarin da ke cikin ƙwayoyin dare ne hasken ya cinye, dawowarsa sai minti 20 zuwa 30.

Wannan ne nake ta faɗa da shi a hanyar Madina. Shekaranjiya da dare, ina tuƙi, ido ya zauna da duhu, wani yaro a kujerar gaba ya kunna waya haske a ƙure, yana miƙo min in kalli bidiyo. Wallahi bakin titi ya ɓace min na ɗan lokaci, ga mutum bakwai a mota. Na yi magana ya ce tsufa ne. Tsufa! Har yanzu abin na ci min rai, don ba sau ɗaya ba ne, kullum sai... bari dai.

Amma Yaya, in rabin awa ta wuce har yanzu kana lalube, ko kullum magariba ta yi ka kasa, wannan dundumi ne. Wani lokaci ƙarancin bitamin A ke kawo shi, hanta, ƙwai, karas, zogale duk suna da shi. Kai da kake da suga kuwa, kar ka tsaya ga abinci, je a ɗiga maka magani a leƙa bayan idon. Gobe bayan la'asar ina gida, in ka shirya sai in kai ka.