Tambayoyinku: A wasan HeroClix, in an kashe mai Outwit, ƙarfina ya dawo ko bai dawo ba?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin duk na 'yan gem ne yau, masu matsalar batir da caja ku yi haƙuri sai wani satin.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Ringim. Yayanmu da ke karatu a waje ya kawo mana 'yan mutum-mutumin HeroClix, muna bugawa da ƙanena da daddare. Ya yi wa jarumina Outwit, wato ƙarfin da ke hana jarumin abokin karawa amfani da wani ƙarfinsa, ya rufe masa Invulnerability mai rage lahanin bugu, da layi ya zo kaina na kashe mai Outwit ɗin, na ce to ƙarfina ya dawo, shi kuma ya ce bai dawo ba. Na nuna masa PDF ɗin doka da aka turo min a WhatsApp, shi ya nuna min bidiyon YouTube. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanenka ne, ka je ka ba shi haƙuri tun kafin ya kai ƙara wajen Inna. Amma ba ƙarya ka yi ba, PDF ɗinka ne ya tsufa, kuma wallahi wannan abu yana ci min rai, a turo wa mutum fayil a gurup ba kwanan wata ba sunan wanda ya fitar, ya sauke ya riƙe kamar wahayi ya fara musu da shi har jijiyar wuya ta tashi. Kamfanin WizKids na Amurka ya fito da HeroClix tun 2002, kuma ya sha gyara dokokinsa, babban gyaran da ya shafe ka shi ne na 2017. Kafin nan haka ake yi yadda ka faɗa, in mai Outwit ya mutu ko an buge shi faifan da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya juya baƙin akwatin nan na gurbin lahani, wato alamar Outwit, ya ɓace, to abin da ya rufe ya buɗe nan take. Daga 2017 aka ce a'a, duk abin da aka yanka masa wa'adi sai ya kai wa'adinsa, ko da wanda ya yi shi ya bar fili. Kamar bashin da aka ce a biya ranar kasuwa ne, don mai kuɗin ya yi tafiya ba shi zai sa bashin ya faɗi ba.

Wa'adin Outwit kuwa a rubuce yake, har zuwa layin wanda ya yi shi na gaba. Wato in ƙanenka ya yi maka a layinsa, jaruminka ba shi da Invulnerability a sauran wannan layin, ba shi da ita a duk layinka, sai ƙanenka ya sake karɓar layi sannan ta dawo, kuma in yana da wani mai Outwit ɗin da ke hango ka a cikin tazararsa zai iya sake rufewa a take, tunda ba ya cin masa ko motsi ɗaya daga cikin na layin. Shi ya sa mai wayo yake fara yin Outwit kafin ya kai hari, domin Invulnerability tana rage lahani da 2, Toughness da 1, in ka riga ka buga sannan ka tuna ka rufe to ka yi asarar bugun. In kuma tsoron abin da zai yi maka kake, sai ka rufe masa abin kai hari irin su Charge, ya kasa matsowa ya buge ka a motsi ɗaya.

Akwai wani wajen da mutane ke ruɗewa kuma. In ya riga ya yi maka Outwit, kai ma ka mayar masa da Outwit a kan Outwit ɗinsa, wannan ba zai kwance wanda ya riga ya ɗaure ba, abin da ka samu kawai shi ne ba zai iya yin sabo ba sai wa'adin naka ya ƙare. Haka in faifanka ya juya ƙarfin ya ɓace ya sake fitowa kafin wa'adi ya cika, yana nan a rufe. Sannan ku duba katin kowane jarumi, in kun ga an rubuta Protected: Outwit a jikin wani ƙarfi to kada ma ku ɓata lokaci a kansa.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan shafi ya mayar da shi ɗabi'a. Goge wancan PDF ɗin. Shiga shafin WizKids da kanka ka sauke littafin doka da katin bayanin ƙarfin jarumai da suke kira PAC, kyauta ne, ka bari sai dare in ka sayi datar dare sabis ya ɗan saki. In ya sauka ka sake masa suna ka sa shekara a gaba, don ko shekara biyu aka yi ka san da me kake riƙe. Bidiyon YouTube ma ka taɓa ƙasansa ka ga yaushe aka ɗora kafin ka yarda da shi, ƙanenka sa'a ya ci nasa sabo ne. Wajen wasa kuma ku riƙa ɗora ƙwayar wake ko murfin lemo a kan sunan ƙarfin da aka rufe a katin, in wanda ya rufe ya karɓi layi a ɗauke, musu ya ƙare.

Tambaya: Daga Dambatta nake. A Clash Royale kullum hasumiyar wuta Inferno Tower ke cinye min ƙaton sojana Giant, abokina ya ce katin tartsatsin Zap ke maganinta amma na jefa ba ta mutu ba.

Amsa: Dama ba kashe ta zai yi ba, ɗan'uwa. Zap rabin sakan kawai yake sumar da ita, amfaninsa shi ne wutarta da ta riga ta yi zafi ta koma farko. Ka jira ta kama Giant ɗin ta fara ƙonawa sosai sannan ka jefa, kai kuwa da alama tun tana fitowa kake watsa mata don zumuɗi. In dogon tsaiko kake so Freeze za ka sa.

Tambaya: An ce akwai APK, wato fayil ɗin manhajar Android, da ke cire jiran lokaci a gem, a ina zan samu? Daga Gumel.

Amsa: Ba zan faɗa maka ba. Supercell, masu Clash Royale, suna rufe akawun ɗin wanda suka kama da irin wannan, kuma wayar da manhajar bankinka ke ciki ba a saka mata fayil ɗin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Ka tsaya a Play Store.

Tambaya: Dayis ɗinmu ɗaya ya ɓata a tsakar gida, akwai manhajar da za ta maye gurbinsa? Wata 'yar'uwa daga Kazaure.

Amsa: Hajiya, rubuta roll dice a Google zai jefa miki ba sai kin sauke komai ba, amma yana son data. Ni dai na fi son ki aiki yaro kasuwa ya sayo na ludo, ki kuma tambayi autanku, yawanci a aljihunsu ake tsintar irin wannan.